Inda Widugar Ya Sauka

Kwana biyu bayan karon da aka yi da Rumawa a fadamar gabas, aka zo aka gaya wa Harimund cewa dokin ɗansa Widugar yana nan tsaye a filin.

Labarin mutuwar ɗan kuwa tun ranar ya same shi. Yana zaune a ƙofar garken dawaki yana ɗinke wata ragama aka faɗa masa, ya ce to, ya ci gaba da ɗinkinsa har ya kai ƙarshe, ya ciji zaren ya tsinke. Mutane suka yi ta cewa tsohon namiji ne. Ba jarunta ba ce. Ya lalubi zuciyarsa ne bai tarar da komai ba, kamar mai laluben tulun da aka riga aka kwashe ruwansa. Matarsa Hildara ta yi kuka har muryarta ta dishe, shi kuwa ya ci abinci, ya yi barci, ya tashi ya ba dawaki ciyawa.

Mu a wurinmu mahaya ɗari ake zaɓa daga dukan ƙabila, su ne haƙoran yaƙi. Ba sa ɗaura sirdi, don sirdi kujerar ragwaye ce, sai dai Barume. Kowane mahayi yana da mutum guda da ya zaɓa da kansa, mai riƙon geza, wanda ke damƙe gashin wuyan dokin yana gudu a gefensa ko da sukuwa ake yi. In aka haɗu da abokan gāba, mahayi kan diro ƙasa ya yi faɗa da ƙafa, dokin kuma ya tsaya cak a inda aka sauka har mai shi ya dawo. Wannan tsayuwar ita ce sana'ar Harimund. Shekara talatin yana koya wa dawaki ita, kuma bai taɓa yarda cewa wani ya iya ba sai shi.

Wanda ya kawo labarin dokin Berulf ne, mai riƙon gezar Widugar shekara goma sha ɗaya. Ƙato ne mai furfura a gemu, bakinsa bai iya shiru ba ko a wurin makoki. Ranar yaƙin an buge shi a ka ya suma, wasu suka ja shi suka fita da shi, bai san inda ubangidansa ya faɗi ba. Tun da ya farfaɗo ba wanda ya zage shi, ba kuma wanda ya matsa masa wuri a bakin wuta. Mai riƙon gezar da ya dawo ba mahayinsa haka ake yi masa.

Ya tsaya nesa kaɗan, hannunsa na hagu a ɗaure da tsumma, ya ce, "Baba, masu kiwon aladu sun hango Gajere daga kan tudu. Yana nan inda aka bar shi."

Harimund ya ɗago kai. "Tsaye?"

"Tsaye kamar turke. Dawakan sauran matattu duk sun dawo gida da kansu tun shekaranjiya, har da na ƙanen Ansulf mai cika baki. Naka ne kaɗai ɗan taurin kai."

"Na gidan Ansulf ai jaki ne da aka yi wa aski," in ji tsohon, ya miƙe yana neman sandarsa.

Hildara ta fito daga ɗaki, idanunta a kumbure. Ta ce tunda hanya ta buɗe, su dawo mata da ɗanta, maza sun riga sun shiga daji sarar itace. Harimund ya ɗauki sandarsa. Ya san abin da itacen yake nufi. Mahayi na cikin ɗarin nan ba a ƙone shi shi kaɗai, da makamansa ake haɗawa, da dokinsa, a yanka shi a gefen tulin itacen a ɗora. In ba a ga gawa ba kuwa, babu wuta, doki ya tsira. Shi dokin ya fita nema, ba gawa ba. Gawa ba ta san kowa ba. Gajere kuwa ɗan goɗiyarsa ne na ƙarshe, kuma duk abin da hannun Widugar ya iya yana jikin dabbar nan: yadda take juyawa, yadda take sauke kai in an sosa mata ƙasan kunne. Abin da ya rage masa na ɗansa mai numfashi ke nan, kuma ba ya son a yanka shi.

Suka kama hanya da hantsi, a ƙasa. Harimund da tun da gemu ya fito masa bai taɓa taka tafiyar rabin yini da ƙafarsa ba, yana dogara sanda yana ɗingishi. Berulf ya dube shi ta gefen ido ya ce, "Ashe kuna da ƙafafu, ku mahaya? Mu da muka ɗauka ado ne."

"Rufe mini baki."

"Na rufe. Amma ka riƙa ɗaga su, Baba, ƙasa ba ta yi maka laifi ba."

Tsohon bai yi dariya ba, bai kuma ji haushi ba. Maganar ta wuce shi kamar an yi ta a wani gida.

Wari ne ya fara tarar su tun kafin su fita daga itatuwa. Rumawa sun kwashe nasu, sun bar namu da mushen dawaki, hankaki sun yi baƙi a kansu. Can gefen fadamar, kusa da wani kututture, ga Gajere. Ɗan ƙaramin doki ne ja, mai ƙaton kai da gajerun ƙafafu, wanda duk Barumen da ya gan shi zai ce na dakon itace ne. Ya cinye ciyawar da ke kewaye da shi iyakar inda wuyansa ya kai, har ƙasa ta fito, da'ira sak kamar an zana. Bayan da'irar da taki ɗaya ciyawa ce shar har gwiwa, ga rafi yana gudu bai fi taki ashirin ba. Bai je ba.

Harimund ya zagaya shi yana dubawa kamar mai ciniki. Akwai sawun igiya a wuya, da tabon bulala a gindi, alamar Rumawa sun ja, sun daka, sun gaji sun tafi. A cinyarsa ta baya kuwa akwai cizo, ɗanye, ƙudaje na bi. Kyarketai sun fara zuwa.

Berulf ya tsinci wata garkuwa mai zurfi ya ɗebo ruwa a rafi, sau bakwai yana kai-kawo da hannu ɗaya, dokin na shanyewa. Suka yanko masa ciyawa ya ci. Sannan Harimund ya kama ragamar ya ja a hankali, ya kira shi da muryar da yake kiransa tun yana dukushi. Gajere ya miƙo hanci ya shinshina ƙirjinsa, ya gane shi sarai. Kofatonsa ko ɗaya bai ɗaga ba.

Ai ba zai ɗaga ba, kuma tsohon ya fi kowa sani. Dokin da ya horar, in mai shi ya sauka, abu biyu ne ke sakinsa: ko mai shi ya koma bayansa, ko ya yi masa fito. Kowane mahayi da nasa fiton, shi kaɗai yake shiga daji da dokin ya koya masa. Da an gama wannan sai Harimund ya shiga nasa aikin. Yakan sa a riƙa kiran dokin, a nuna masa sha'ir, a kora goɗiya ta gabansa, a kwaikwayi fiton mai shi, in ya motsa a zane shi. Shi kansa yakan tsaya nesa ya kira da muryar lallashi, in dokin ya taho ya tsula masa bulala da hannunsa. Gajere sau uku kacal aka doke shi ya gane. Har a wurin shan giya Harimund ya sha yin alfahari da wannan.

Berulf ya ce, "Bari in gwada. Shekara goma sha ɗaya fiton nan yana shiga kunnena, ko a mafarki na iya shi."

Ya lashi leɓe ya yi, dogo ɗaya da gajeru biyu masu saukowa. Harimund ya ji wani abu ya taɓa shi a ƙasan haƙarƙari ya wuce, don fiton ya yi kama ƙwarai. Kunnuwan Gajere suka miƙe, ya juya kai yana duban filin gabas da yamma, ya yi wata 'yar haniniya a maƙogwaro. Da bai ga wanda yake nema ba, ya dubi Berulf, ya mayar da kunnuwansa baya.

"Ɗan banza, ka san ni ne," in ji Berulf. "Ni da na sha ƙurarka har haƙorana suka yi ja."

Suka zauna a kan kututturen. Rana ta ɗan karkata. Berulf ya ɓalle cuku ya miƙa wa tsohon, ya ce, "To, Baba, sai yaya? Ɗaki za mu gina masa a nan? Ni in ɗebo ruwa, kai ka kori kyarketai da sanda? Masu kiwon aladu sun ce Rumawa na kafa sansani bayan tudun can. Gobe ko jibi za su zo yankan ciyawa a fadamar nan, wannan karon mashi za su soka masa don haushi."

Harimund yana taunar cukun ba ya jin ɗanɗanonsa.

"Ka san hanyar da ta rage," in ji Berulf a hankali. "Kai ka koya mana."

Ya sani. In mahayi ya ji rauni, mai riƙon geza yakan ɗora shi a gicciye a bayan dokin, ya kama geza, dokin ya bi shi. Ba kowane nauyi dokin yake yarda da shi ba, sai na mai shi, da warinsa. Harimund ya tuna lokacin da yake koya wa Gajere wannan a bayan garke. Widugar ya kwanta a gicciye ya saki hannuwa da ƙafafu, ya zaro harshe waje wai ya mutu, Berulf na ja yana kukan ƙarya yana kiran sunayen matan da za su yi takaba. Da sun kai bakin shinge a sauke shi, sai ya yi wuf ya miƙe yana dariya, ya yi fito, dokin ya bi shi zuwa rijiya.

Tsohon ya daɗe yana duban da'irar ƙasar nan. Sannan ya ce, "Za mu ɗora shi. Amma ba gida za mu ba. Akwai kurmi a arewa da hanya, inda rafin nan ya shiga duwatsu. Can za mu binne shi. Ni in wuce da dokin wurin ƙanena bayan tsauni, kai ka koma ka ce ba mu ga kowa ba, kyarketai sun riga mu."

Berulf ya daina tauna. "Ba wuta? Widugar? A rami kamar bawa?"

"Wuta ba za ta dawo da shi ba."

"Inna Hildara fa?"

"Ta yi kukanta ta gama."

Berulf ya ajiye cukun. Mutumin da ya dawo ba mahayinsa ba shi da bakin gardama. Ya miƙe ya ce, "Ta can ya nufa da muka sauka. Ya ce mini, Berulf, ka ga mai jan gashin tsuntsu a ka? Nawa ne. Daga nan ban ƙara sanin komai ba."

Ba su sha wahalar nema ba. Widugar yana kwance rub da ciki a cikin ciyawa mai tsawo, shi ya sa hankaki ba su taɓa fuskar ba. An kwashe masa takobi da abin hannu, an bar mayafin ulun da uwarsa ta saƙa. Harimund ya juya shi. Ya ga ƙullin gashinsa ya kwance, ya tattara ya ƙulle masa a gefen kai yadda yake yi. Ya jira ya ji wani abu, bai ji ba. Abin da ya zo masa kawai shi ne yaron ya yi nauyi, kuma ƙayar da ke riƙe mayafin ta karye, sai an nemo wata.

Su biyu, tsoho da mai hannu ɗaya, suka ɗauko shi suna hutawa. Da suka matso, Gajere ya hura hanci, jikinsa ya ɗauki rawa, ya tura baki cikin mayafin ya daɗe. Suka ɗora shi a gicciye, suka ɗaure da igiyar ragama. Berulf ya sa yatsunsa cikin geza, a daidai inda gashin ya lanƙwashe saboda riƙonsa, ya ce, "Mu je." Dokin ya ɗaga ƙafar gaba da ƙyar, ta sandare, ya taka waje da da'irar.

Tafiyar kurmin ba ta da nisa. Wuri ne mai sanyi, ƙasa mai laushi, ga ruwa ga inuwa, ba a ganin sa daga hanya. Suka kwance igiya suka sauke Widugar a gindin wata bishiya. Harimund ya kama haƙa da tsinin wani mashi da suka tsinto a fili, Berulf na kwashe ƙasa da garkuwa. Da ramin ya kai gwiwa, tsohon ya ce, "Kai Gajere ya sha ruwa, ka wanke masa cizon nan."

Ya ci gaba da haƙa. Can ya ji shiru ya yi yawa, ya ɗago. Berulf na riƙe da geza yana ja. Gajere ya kafa ƙafafunsa huɗu a inda aka sauke gawar, kai a sama, kunnuwa a miƙe wajen gindin bishiyar.

"Baba," in ji Berulf.

Harimund ya fito daga ramin. Ya kama ragama ya ja. Ya matsa kafaɗarsa a ƙirjin dokin ya tura. Ya ɗaga sandarsa, Gajere ya runtse ido ya ƙara kafewa, don a saninsa wannan ma gwaji ne, kuma ba za a kama shi ba. Tsohon ya sauke sandar.

An sauka, ba a yi fito ba. Duk lokacin da suka yi wannan a bayan garke, Widugar yakan tashi ya yi fiton, shi ya sa Harimund bai taɓa tambayar kansa abin da zai faru ranar da ba a tashi ba. Alhali ya gani da idonsa ya fi sau ashirin. Kowane dokin da ya horar, in aka sauke mai shi a gefen tulin itace, yakan tsaya ko gezau har wuƙa ta shiga, jama'a na yabo, shi kuma yana kumbura. Ya ɗauka ana yanka su ne don mahayi ya sami abin hawa a inda za shi, haka tsofaffi suka ce. Sai yanzu ya ga ɗaya dalilin, wanda ba a faɗa. Dokin da aka horar da kyau, in mai shi ya mutu, ba inda zai ƙara zuwa.

Berulf ya ce, "Mu ba shi kwanaki. Dabba ce, yunwa za ta sa ya manta. Ko mu rufe masa ido da mayafi, ko mu kunna wuta a bayansa."

"Kwana biyu yana kallon rafi da ƙishirwa, kyarkeci na cin cinyarsa," in ji Harimund. "Na san aikina."

Ya zauna a bakin ramin, ƙafafunsa a ciki. In ya binne ɗansa a nan, dokin zai tsaya a kan kabarin har abin da ya fara cinsa ya dawo ya ƙarasa, ɗan ya rasa wuta, uwar ta rasa gawa, shi kuma bai tsira da komai ba. Ya juya lissafin ta kowane gefe kamar mai duba kofato, bai sami inda ya tsage ba. Baƙin ciki ne, ya san sunansa, amma yana can nesa kamar hayaƙin wani ƙauye.

"Kama ƙafafun," ya ce.

Suka sake ɗora Widugar. Wannan karon raunin hannun Berulf ya buɗe, jini ya jiƙe tsumman, ya jingina da bishiya yana haki. Ya miƙa hannun kirki zai kama geza, tsohon ya ture shi.

"Haba Baba, mahayi da riƙon geza? A gan ka a shiga gari haka?"

"A gan ni."

Ya sa yatsunsa a gurbin yatsun Berulf. Gajere ya taka. Hannun Widugar da ke reto yana bugun kafaɗar uban a kowane taki, bai matsa ba, bai kuma kama hannun ba. Berulf na biye da su a baya da sandar tsohon, karo na farko a rayuwarsa bai ce uffan ba har suka ga rufin gidaje.

Rana ta yi ja sa'ad da suka shigo. An riga an gama tulin a kan tudun bayan gari, mahayan da suka rage sun jeru da masu riƙon gezarsu. Hildara ta taho da gudu ta rungume kan ɗanta tun yana bisa doki. Wani ya matsa wa Berulf wuri a cikin layi ba tare da ya dube shi ba. Aka kwance igiya, maza huɗu suka sauke Widugar suka hau da shi kan itacen, aka jera masa mashi da garkuwa.

Gajere ya kafa ƙafafunsa a inda aka sauke shi, ya miƙe kunnuwa wajen tulin.

Ansulf, wanda dokin ƙanensa ya gudo gida tun ranar yaƙi, ya girgiza kai ya ce da ƙarfi don kowa ya ji, "Ku dubi tsayuwa! Kwana biyu a fili, ga shi nan kuma. Hannun Harimund ke nan, ba na biyunsa."

"Ni na koya masa," in ji Harimund.

Aka miƙo masa wuƙa, don uba ne ke yi. Ya karɓa, ya tsaya yana cire 'ya'yan ƙaya da suka maƙale a gezar ɗaya bayan ɗaya, ya sosa masa ƙasan kunne, dokin ya sauke kai kaɗan amma idonsa na kan tulin. Samari biyu suka matso da igiyoyi za su ɗaure ƙafafun.

Harimund ya ce su mayar da igiyoyinsu, ba a bukata.